Ruwa ya ci mana gida, zan iya koyar da yarana da kaina?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya, ambaliya da karatun yara, shi ya sa na tattara su wuri guda, masu tambayar aure da rigimar kishiya ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum na cire sunaye, wasu kuma na rage musu tsawo.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni 'yar Gwange ce a Maiduguri, daren da dam ɗin Alau ya fashe da kayan jikinmu kawai muka fita ni da maigidana da yara uku, ɗakunanmu biyu duk sun zube ko cokali ba mu ɗauka ba. Mun ɗan zauna a sansanin Bakassi daga nan yayana ya zo ya kwashe mu, yanzu muna raɓe a gidansa can bayan gari. Makarantar gwamnati da nisa kuɗin keke napep kullum ba mu da shi, ta kuɗi kuwa ba a ma magana. Babbar tana aji huɗu, mai bi mata yana aji biyu, autan shekararsa biyar. Wata maƙwabciyarmu ta ce min a ƙasashen turawa akwai iyayen da ba sa kai yara makaranta sam a gida suke koya musu komai. Ni kuma iyakata JS3 aka yi min aure. Anti zan iya kuwa ko dai zan ƙara ɓata musu karatun ne?

AMSA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa Allah Ya mayar muku da mafi alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk wanda ya ga Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 ko a hoto ne ya san abin da kike faɗa, ruwa har fadar Shehu har kasuwar Monday har asibitin koyarwa, manya na cewa rabon da a ga irinsa tun na 1994, shi ma kuma Alau ɗin ne dai.

Eh za ki iya, kuma ki fara gobe in Allah Ya kai mu. Amma ba irin na turawan da maƙwabciyarki take faɗa ba. Maganarta gaskiya ce, a Amurka da Ingila doka ta yarda, yaro zai iya tashi har ya gama sakandare bai taɓa zama a aji ba, sai dai su zaɓa suka yi, ga littattafai ga laburare a unguwa ga wuta ga intanet, a Jamus ma kuwa haramun ne dole yaro ya je makaranta. Ke ba zaɓa kika yi ba ruwa ne ya zaɓa miki, don haka naki riƙon ƙwarya ne, ki riƙe musu abin da suka riga suka koya kada ya zube kafin a samu a mayar da su aji. Kuma kada ki raina wannan aikin, yaron aji biyu da yanzu yake koyon haɗa baƙi in ya yi wata uku huɗu bai kalli rubutu ba mantawa yake, ranar da ya koma sai ya tarar sa'o'insa sun wuce shi, a tashe shi ya karanta ya kasa a yi masa dariya, gobe ya ce ciwon ciki yake jibi ya ce kansa, da haka da haka makaranta take fita daga ran yaro. Mun gani da idonmu lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu wata da watanni, akwai yaran da har yau ba su koma ba.

Maganar iyakarki JS3 kuwa wallahi ta ishe ki. Me ɗan aji biyu yake nema? Ya iya karanta Hausa, ya iya ƙirga, ya iya tarawa da ɗebewa, duk kin iya su. Mu fa koyarwa a tsakar gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo tun wajen 1830 take horar da jajis, wato mata malamai, tana naɗa musu malafa, su shiga ƙauyuka suna tara mata a gidaje suna koya musu karatu da waƙoƙi, su ne 'yan taru, ba aji ba benci. Ballantana makarantar soro da kowa ya sani.

Abu na farko kada ki ce ai wance 'yar aji huɗu ce bari in nemo littafin aji huɗu. Gwada su za ki yi tukuna ɗaya bayan ɗaya ba a gaban juna ba. Ki rubuta ɗan labari layi huɗu da Hausa ki ba ta ta karanta, in ta wuce sumul alhamdulillahi, in ta cije ki ba ta kalmomi guda-guda kamar gida, ruwa, kaza, tasa, in nan ma ta cije ki koma kan baƙaƙe da wasula. Inda ta tsaya nan ne ajinta a wurinki. Kuma ki shirya zuciyarki don za ki iya tarar da 'yar aji huɗun ba ta iya karanta layi ɗaya ba, kada ki dake ta kada ki ce mata daƙiƙiya, ajin da yara suka haura ɗari malami ɗaya me kike zato. Wannan dabarar ta gwada yaro a fara daga inda ya tsaya ba ni na ƙirƙira ba, daga Indiya ta fito wurin wata ƙungiya Pratham, an kuma gwada ta a makarantun Borno da Kano.

Kayan aiki kuma ba sai kin saya ba. Ki nemi kwalin taliya a wurin mai shago ki yanka ƙanana-ƙanana kamar katin waya, ki rubuta gaɓoɓi da maka ko da gawayi ma, ba, ka, za, ta, sa, ri, ga, ma, ki baza su a kan tabarma ki ce wa yaro ɗauko min ka, ɗauko min za, haɗa su, me ka gani? Kaza! Ranar da ya fara gano wannan da kansa za ki ga ya hana ki sakat, sai ya bi ya haɗa riga ya haɗa tasa ya haɗa wanda ma ba shi da ma'ana yana dariya. Sa'ar da muka yi Hausa yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta, shi ya sa yaro yake saurin kamawa, in ya iya karanta ta turancin ma zai zo masa da sauƙi. In Kanuri ko Shuwa kuke yi a gida to ki riƙa yi musu bayani da shi, abin da ake so su gane. Autan kuma ki bar shi ya zauna kusa yana zane a ƙasa da tsinke, yana ƙirga marafan lemo, ba dole.

Lissafi kuwa tsinken tsintsiya. Ki karya su gajeru ki ɗaure goma-goma da zare, ɗauri uku da tsinke biyu shi ne 32. Ki ce ta cire 7, za ta ga guda biyu ne kawai a sake ba za su isa ba, sai ta kwance ɗauri ɗaya, to kin ga aron da ake ta fama da shi a allo yara suna haddacewa ba su gane ba ke nan ta gani a hannunta. In kika aike ta sayo magi ko gishiri ta faɗa miki canjin da za a ba ta kafin ta fita.

Kada ki mai da shi na yini guda, ke ma kina da aiki ga gidan ba naki ba. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan karin kumallo ya isa, amma lokaci ɗaya kullum wuri ɗaya kullum, ko da ranar ba ki jin daɗi ki sa babbar ta ja ƙannen. Islamiyya ko allo da yamma kada a taɓa shi, in akwai a unguwar ki sa su yau ɗin nan don su samu abokai. Ki sayi littafin rubutu ɗaya-ɗaya in da hali, duk aikin da suka yi ki sa kwanan wata a sama, zai yi miki amfani ranar da za ki je wurin hedimasta.

Zuwa wurin hedimastan nan kuma kada ki ɗaga shi, shi ne rabin amsata. Ki sa yayanki ko maigidanki ya je cikin makon nan ya ce 'yan ambaliya ne a rubuta sunansu a rajista, firamaren gwamnati kyauta ce a doka. In aka ce sai takardar canjin makaranta ya yi bayani ruwa ya tafi da ita, in abin ya ƙi ya wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ki tambayi maƙwabta masu yara ko za ku haɗa kuɗin napep ɗaya, ko manyan yaran unguwa su riƙa tafiya da su a ƙafa, ko kwana uku a mako suka samu da babu gara ba daɗi, sauran ki cike a gida. Ki sa wa kanki wa'adi ki ce zango mai zuwa yarana suna aji in sha Allah, don abin da ba a sa wa rana ba sai ka waiga ka ga shekara ta wuce.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni magidanci ne daga wani ƙauye a yankin Haɗeja, ruwan bana ya ci gona ya ci gida mun dawo Kano wurin dangi. Ina da yarinya a SS2 da yaro a JS3, takardunsu duka har da na haihuwa sun tafi a ruwa. Akwai ƙanina da ya gama jami'a yana zaune ba aiki ya ce zai koyar da su a gida. Tambayata za su iya zana WAEC ba tare da makaranta ba? Kuma wani ya ce min gwamnati na kama iyayen da ba su sa yara a makaranta ba, gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya mayar da alheri, Ya saka wa ƙaninka. Bari in fara da ta ƙarshen. Akwai dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 da ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, hukuncin da ta tanada karon farko jan kunne ne, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ƙasar da yara miliyoyi suke yawo a titi ba wanda zai zo ya kama wanda ruwa ya kora. Ba tsoron kamu ne zai sa ka mayar da su ba, takarda ce.

Shi ɗan JS3 jarrabawar gama ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yi mata rajista, ba a zana ta daga ɗaki, kuma da ita ake shiga SS1, to shi kam ka yi sauri ka sama masa gurbi tun kafin a rufe rajista in ba haka ba shekara ta tafi. Ita kuma yarinyar, eh akwai hanya, WAEC tana da ta masu zaman kansu wadda mutane ke ce wa GCE ana yin ta sau biyu a shekara, farkon shekara da wajen ƙarshenta, NECO ma tana da tata ta waje a Nuwamba da Disamba, a kafe ake cike fom ba ruwansu da wace makaranta ka yi, kuma jami'o'i suna karɓar sakamakon. Sai dai kuɗinta daga aljihunka zai fito gaba ɗaya, kuma in 'yar kimiyya ce ka tuna ƙaninka ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, mutum ɗaya kuma da wuya ya iya ɗaukar lissafi da turanci da fizis da kemistiri da bayoloji duk shi kaɗai komai ƙoƙarinsa. Ita jarrabawar 'yan makaranta kuma tana tafiya ne da makin gwajin da makaranta take tara wa ɗalibi tun daga SS1, shi ya sa in aka bari sai SS3 aka zo neman gurbi ake shan wahala. Shawarata a sa ta a makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo mafi kusa yanzu tana SS2 ɗin, ƙaninka ya zama mai lesin da yamma, ya samo tsofaffin tambayoyin jarrabawa a kasuwa su riƙa bi shekara-shekara. A nan ne zai fi yin amfani.

Takardu kuma duk ana sake su, sai dai zirga-zirga. Ka je kotu ka yi afidabit cewa sun salwanta a ambaliya, ka haɗa da rahoton 'yan sanda, takardar haihuwa wurin hukumar ƙidaya ta ƙasa ake nema suna da ofis a ƙananan hukumomi. Ka kira hedimasta ko firinsifal ɗin tsohuwar makarantarsu ya rubuto maka 'yar takarda da hatimi cewa ɗalibansa ne ga ajinsu, ko a WhatsApp ya turo hotonta a buga. In sun taɓa yin NIN lambar ba ta ɓata don katin ya jiƙe, a danna *346# a layin da aka yi rajista da shi za ta fito, in ba su yi ba a yi musu yanzu don JAMB ba ta rajista sai da ita. Kai ma in satifiket ɗinka na WAEC ya tafi, tun 2022 suka buɗe shafin da ake ciro shi ta intanet ga wanda ya zana daga 1999 zuwa yau. In komai ya dawo hannu don Allah ka ɗauki hotonsu ka tura wa wani ɗan'uwa a wani gari ya ajiye.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni matashi ne na gama NCE ban samu aiki ba, mu ma ruwan Maiduguri ya tashe mu. Inda muke zaune yanzu yara sun fi talatin kullum suna yawo suna wasa a ruwan kwata, abin yana damuna. Ina so in tara su in riƙa koya musu amma ba ni da allo ba alli ba kuɗi, kuma ina tsoron a ce na buɗe makaranta ba izini.

AMSA: Ƙanina Allah Ya yi maka albarka, saƙonka ne ya fi faranta min rai a duk na makon nan. Gaskiya ma irin naka ya fi na uwa ita kaɗai a ɗaki, don yaro yana koyo a wurin yaro, kuma iyaye mata da yawa ba su yi bokon ba balle su koyar.

Kafin ka tara ko yaro ɗaya ka je wurin mai unguwa ko Bulama da limamin wurin, in sansani ne ka je wurin shugaban sansanin, ka faɗa musu abin da kake so su su sanar da iyaye. Ba makaranta ka buɗe ba, ba yunifom ba satifiket ba kuɗin zango, lesin ne, ba wanda zai ce maka don me. A fili za ka yi, gindin bishiya ko rumfa ko barandar masallaci inda kowa ke gani, ban da ɗaki a rufe, kuma ka nemi mace ɗaya babba ta riƙa zama tare da ku, kariya ce ga yaran kariya ce gare ka, duniyar yanzu sai da haka. Ka ajiye buta da sabulu kowa ya wanke hannu kafin ya zauna, ka san an samu ɓullar kwalara a Borno bayan ruwan nan, kada neman lada ya jawo wata masifar.

Gwajin da na faɗa wa 'yar'uwarmu ta Gwange kai ma shi za ka yi, ka raba su uku, masu baƙi, masu kalma, masu labari, ba ruwanka da shekaru ko ajin da suke a da. Za ka ga ɗan shekara goma sha biyu ya faɗo cikin 'yan baƙi yana jin kunya, to ka ba shi muƙami ya zama shi ke raba katin kwali yana tattarawa, sai ya zauna. Allo kuwa guntun falanki ko tsohuwar ƙofa in aka shafa mata baƙin fenti ta zama allo. Ka tambayi malaman firamare ko akwai mai ragowar littattafan Mu Karanta da aka yi wa 'yan aji ɗaya zuwa uku a Bauchi da Sakkwato, da Hausa suke kuma a tsare suke darasi bayan darasi.

Ka riƙe rajista, sunan yaro, shekarunsa, sunan mahaifi, makarantar da yake da ajinsa kafin ruwa. Takardar nan ita za ka ɗauka ka kai wa hedimastan da ke kusa da ofishin SUBEB, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ita ce kuma ƙungiyoyin agaji suke fara tambaya in sun zo. Manyan cikinsu da suka daɗe ba sa zuwa ko ba su taɓa shiga ba, akwai tsarin karatun gaggawa da hukumar tsara manhaja ta ƙasa ta yi wa 'yan shekara 10 zuwa 18, ana ce masa ABEP, mataki uku ne da ke dunƙule karatun shekara tara, ka tambayi hukumar yaƙi da jahilci ta jiha ko akwai cibiyarsa kusa da ku. Maganar kuɗi kuma kada ka yanka wa mutanen da ruwa ya talauta farashi, amma in wani ya kawo maka kuɗin alli ko kwanon abinci ka karɓa, kai ma ɗan ambaliya ne.

TAMBAYA: Anti ina kwana, daga Maraɗi nike. Gidanmu ya faɗi da ruwan bana munka koma wajen uwayen maigidana. Ɗiyata tana aji shida a lakwal (makarantar boko), shekarunta sha biyu, tana da ƙoƙari sosai mushensu (malaminsu) kullum yana yabonta. Yanzu an koma amma babanta ya ce ta zamna, wai tunda na iya karatu in riƙa koya mata a gida da dare, da rana ta ɗauki talla mu samu na gyaran ɗaki. Ƙannenta maza biyu kuwa ya maida su. Mi za ni yi?

AMSA: 'Yar'uwa wannan ita ce tambayar da nake tsoro tun da na fara amsa ta farko, don na san akwai mai karanta cewa za a iya koyarwa a gida ya ce to shi ke nan an huta. Ba a huta ba. Na ce a koyar a gida ne ga wanda makaranta ta yi masa nisa ko ta rushe ko aka zuba 'yan gudun hijira a ciki. Ku a Nijar gwamnatinku ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba 2024 zuwa 28 ga watan saboda ruwan, an kuma koma, ajin yana nan malamin yana nan har ƙannenta suna zuwa, to me ya rage? Yarinyar da ta yini da faranti a ka tana zaga tasha da kasuwa wane karatu za ta yi da dare, barci za ta yi a kan littafin. Kuma aji shida ne fa, shekarar da za ta wuce kwaleji, wato ƙaramar sakandare, in ta rasa ta mu duka mun san abin da ke biyo baya, shekara mai zuwa a ce ai ta girma, ta gaba a ce ga mai nema.

Amma kada ki tare shi da faɗa. Mutumin da gidansa ya faɗi ya koma ɗakin iyayensa da iyali yana cikin wani hali, ba ƙin ɗiyarsa yake ba lissafin bulo da kwano yake. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta ki zo masa da lissafi ke ma, nawa tallan nan zai kawo a rana tsakani da Allah bayan an cire uwar kuɗi, sannan ki ce ke za ki nemo wannan kuɗin daga cikin gida, ƙosai ne ko ƙuli-ƙuli ko kitso, a ajiye a ƙofar gida ko a ba wani mai shago ya sayar, ita kuma ta taya ki bayan an taso da ranakun hutu. In ya ƙi ki bi ta wurin wanda yake jin nauyi, tunda a gidan iyayensa kuke ki fara da mahaifiyarsa, in kika samu tsohuwa kin gama. Ki kuma aika wa daraktan lakwal ɗin ya sani kada a cire sunanta, sau da yawa in malami ya tako da ƙafarsa har gida ya ce ina ɗalibata kunya kaɗai tana sa uba ya sake. Kafin nan ki sa wata 'yar ajinsu ta riƙa kawo mata littafi tana kwafar abin da aka yi kullum.

TAMBAYA: Anti ɗana shekara bakwai tun daren ambaliyar ko hadari ya gani sai kuka, ya koma fitsarin kwance, in na zaunar da shi karatu ba ya ko kallon littafin. Taurin kai ne?

AMSA: Ba taurin kai ba ne 'yar'uwa, firgici ne, kuma yara da yawa da suka ga daren nan haka suke. Ban da duka ban da gori a kan fitsarin, musamman a gaban 'yan'uwansa. Ki ajiye littafin tukuna na ɗan lokaci, ki ba shi takarda ko ƙasa ya zana abin da ya ga dama, in ruwan ya zana kada ki hana shi ki tambaye shi a hankali wannan mene ne, in ya yi shiru ki ƙyale shi. Tatsuniya da dare, addu'ar kwanciya tare, abinci da barci a kan lokaci, ya san abin da zai faru bayan wannan, shi ke kwantar wa yaro da hankali. Manya kuma su rage ba da labarin gawarwaki da kallon bidiyon ruwan a gabansa. Karatun ki dawo da shi kaɗan-kaɗan minti goma cikin wasa. In an yi wata biyu uku ba sauƙi, ko ya daina magana ko cin abinci, ki kai shi asibiti, a Maiduguri akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya suna ganin yara, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

TAMBAYA: Anti an ce akwai karatu kyauta a waya, ya ake samu?

AMSA: Akwai, sunansa Nigeria Learning Passport, ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da shi a 2022, darussan firamare da sakandare ne kuma akwai na Hausa a ciki, ana sauke shi a babbar waya a yi rajista kyauta. Amma sai da caji, farkon saukewa kuma sai da data, kuma in kika miƙa wa yaro waya kika tashi kafin ki dawo yana TikTok. Ni na fi ganin amfaninsa ga mai koyarwar, ke ki kalli darasin da dare ki gane yadda ake yi, da safe ki koya musu da kwali da tsinke. Mai ƙaramar waya kuma ya tambaya a gidan rediyon jiharsu ko har yanzu suna sa darussan yara irin na lokacin korona da ƙarfe nawa, in suna yi a haɗa yaran gida uku huɗu a kan rediyo ɗaya, babba ɗaya ya zauna da su yana maimaita abin da malamin ya faɗa.